Ɗigon Fentin da Ya Hau Sama

"Kada wanda ya taɓa komai!" Sufeto ya daka tsawa, daidai lokacin da ake ficewa da malamin zane ranga-ranga, jini na bin ƙeyarsa.

Ɗakin koyon zanen sai warin fenti da kananzir. A bango ga tsohon zanen marigayi ubangidan malamin: kogi, duwatsu, hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Shi ɗalibai ke kwaikwaya har hannunsu ya faɗa.

"Ko allura ba a ɗauka ba, ranka ya daɗe," in ji matar malamin. "Amma da safe ya tsaya gaban zanen nan, ya ce wannan ba hannun ubangidansa ba ne. In wanda ya buge shi ya ji da sauran numfashi, wallahi zai bi shi asibiti."

Sufeto ya matsa kusa. Daga bakin kogin wani siririn ɗigon fenti ya zarce, amma sama ya nufa, wajen gajimare.

"Yaushe fenti ya fara hawan tudu?"

Wata sabuwar ɗaliba ta matso. "Sai in an kifa zanen, yallaɓai. Wanda ya yi nisa, Malam kan sa shi ya kwafa ƙasa a sama, don ido ya daina ganin dutse, ya ga layi da inuwa kawai."

"Su wa suka kai nan?"

"Mu da ko ganye bai yarda mun iya ba? Sai Dogo."

Dogo, babban ɗalibi, ya yi dariyar yaƙe. "Zanen marigayi ne, yallaɓai. Ni ko kusa da shi ba na zuwa."

Sufeto ya danna yatsa a kan gajimaren. Fentin ya lotsa.

"Zanen da ya girmi ubanka, har yau bai bushe ba?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Shekara da shekaru ina kwafa, bai taɓa ce mini madalla ba. Na sayar da na ainihin, na rataye nawa, in ga ko zai gane. Da kallo ɗaya ya gane. Sai na rarumo katako."

Ana garƙama masa ankwa, wata baƙar mota ta tsaya a ƙofa. Wani mutum ya shigo riƙe da zanen kogi irin na bangon sak, ƙarti biyu a bayansa.

"Ina wanda ya sayar mini da wannan?" ya tambaya a hankali. "An duba mini. Ba na ainihin ba ne, shi ma jabu ne."