Littafin da Aka Ƙona a Kurfoti

Dakta ta shigo gida da sallama, ta tarar da jakarta a buɗe a tsakar gida, littafin bincikenta kuma a hannun Auta, ƙanwar mijinta. Surukarta Inna na zaune kan kujerar roba, kurfoti na ci a gabanta.

"Yauwa, 'yar boko, kin zo a daidai. Auta, karanta mata."

Auta ta lashi yatsa ta buɗe shafi. "Ga rubutun Anti, ga kuma sa hannun wani namiji a ƙasa, da kwanan wata. Kowane shafi fa, Inna. Har ranar da ta ce mana tana da ciwon kai."

Dakta ta durƙusa. Shekara uku ta yi tana haɗa sinadarai don neman sabon maganin zazzaɓi, sai a haɗi na arba'in da bakwai aka dace. Jami'o'i biyu da take aiki tare da su suna jiran littafin nan kafin a yi wa maganin rajista, domin shi kaɗai ne shaidar cewa ita ta fara haɗawa.

"Inna, ƙa'idar aiki ce. Duk shafin da na cika sai wani ya duba ya sa hannu a matsayin shaida. Farfesa ne, ya haifi kamata."

"Tsoho ai ya fi iya ɓarna. Shekara biyar ko ɓari ba ki yi mana ba, ashe can kike zuba ƙwazonki."

Mijinta, wanda unguwa ke kira Mai Kwafi saboda shagonsa na fotokwafi, yana tsaye jikin bango. Shi ke yi mata kwafin littafin duk ƙarshen wata. Ya san komai.

"Ka faɗa musu mana," in ji Dakta.

Ya buɗe baki, Inna ta ɗaga yatsa. "Ka ce uffan, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Ya sunkuyar da kai. Inna ta karɓi littafin, ta haɗa da kwafin da ke cikin jakar, ta ɗora kan garwashi. Dakta ta kai hannu, Auta ta riƙe ta ta baya tana dariya. "Anti, kar ki ƙone, wa zai yi mana wanke-wanke?"

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta ɗauki jakar da babu komai ciki ta tafi gidan yayarta.

Da Farfesa ya ji, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. "Zan rantse wa jami'o'in cewa ke ce kika fara haɗawa, amma lauyoyinsu takarda suke so. Sun ba da wata guda. In babu, sunanki ya fita."

Ta koma gaban kwalabenta a ɗakin bincike ta fara daga haɗi na ɗaya, alhali ta san sabon kwanan wata ba zai ceci tsohon aiki ba. Mai Kwafi ya kira ta sau ashirin, ba ta ɗauka ba.

Saura kwana huɗu ya zo ofishinta da kwali a ka, ya rame, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada.

"In haƙuri ka zo bayarwa, na ƙoshi."

Ya sauke kwalin. Takardu ne, wasu sun karkace, wasu sun dushe, wasu da baƙin layi a tsakiya.

"Kin san injin nan nawa, sai ya lalata biyu kafin ya fitar da ɗaya. Na kowa nakan ba masu shago su yi ƙunshi. Naki ban taɓa iya zubarwa ba, saboda rubutunki ne. Sati uku ina jera su. Shafi shida kawai na rasa."

Ta nemo shafin haɗi na arba'in da bakwai. A karkace yake, amma ga kwanan wata, ga sa hannun Farfesa raɗau. A nan ne kukan ya zo.

"Takarda ka iya adanawa," ta ce, "ni ce ka kasa."

"Haka ne."

Lauyoyin sun karɓa, sunanta ya fito a farko, masu bincike daga ƙasashe suka shiga rubuto mata. Amma ba ta koma gidan mijinta ba sai ranar da Mai Kwafi ya durƙusa gaban Inna, Auta na ji, ya ce, "Inna, ki yafe mini, amma matata ba ta yi komai ba. Na sani tun ranar, tsoro ya hana ni faɗa."

Inna ta kau da kai. "To ta shigo mana, ko sai na shimfiɗa mata darduma?"

Ta shigo, ta gaishe ta kamar kullum. Sabon littafinta dai bai taɓa kwana a gidan ba.

Biyayya ga uwa wajibi ce, amma shiru a kan ƙazafi ba biyayya ba ce. Mai haƙuri kuwa, ko an ƙona masa shaida, Allah yana da wata a ajiye.