Muryar Kaka a Wayar Umma

Fiddausi 'yar aji ɗaya ce a ƙaramar sakandare a Gaya. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, sai dai akwai gaggawar tsiya. Idan ta sa abu a gaba, ko sunanta kake kira ba ta jin ka.

Wata Litinin, Malama Zuliha mai koya musu Faransanci ta ce, "Akwai darussa kyauta a intanet, na masu fara koyo. Akwai na kallo, akwai na saurare. Data kawai za ku sa. Amma ku nemi izinin iyayenku."

Ta rubuta sunayen shafukan a allo, Fiddausi ta kwafe su tsaf. Tana isa gida, ko hijabi ba ta cire ba, ta roƙi Umma aron waya.

"Ga ta," in ji Umma. "Karatu kawai, ban da taɓe-taɓe. Kin san abin da ke cikinta."

Fiddausi ta sani sarai. Kaka Maikuɗi, mahaifin Umma, ya rasu bara a Toranke. Tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana zuwa Maraɗi da Damagaram. Kafin rasuwarsa yakan aiko wa Umma, wato 'yarsa Hure, saƙon murya ta wayar ƙanwarta, Inna Ummukulthum. Guda tara ne. Duk Juma'a da la'asar Umma takan kara wayar a kunne, ta saurara ita kaɗai, ta yi masa addu'a.

Kwana biyu Fiddausi tana karatu lafiya lau. Ta iya gaisuwa, ta iya ƙirga ɗaya zuwa goma. Har akuyar gidan sai da ta sha "bonjour".

Ran Laraba ta ga wasu darussa ashirin da ake saukewa a ajiye, a saurara ko babu data. Ta danna da murna. Waya ta ce ta cika, babu wuri.

Umma tana maƙwabta wajen barka. Da Fiddausi ta jira ta dawo, da ba mu da labarin bayarwa. Amma ina. Ta shiga lalube, ta tarar da saƙonnin murya tuli guda.

"Duk surutun matan unguwa ne da sanarwar biki," ta ce a ranta.

Ta manta da Kaka shaf. Ta zaɓe su gaba ɗaya. Waya ta tambaye ta ko ta tabbata, ta danna eh ko karantawa ba ta gama yi ba. Darussa suka sauka, yarinya har da 'yar rawa.

Juma'a ta zo. Bayan la'asar Umma ta zauna a tabarma, ta buɗe waya. Ta duba sama, ta duba ƙasa. Ta kashe wayar ta sake kunnawa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce a hankali. "Muryar Baba ta ɓace."

Kofin da ke hannun Fiddausi ya suɓuce, ruwa ya malale a tsakar gida. Sai yanzu ta tuna.

Umma ba ta yi faɗa ba, ba ta ma kalle ta ba. Hawaye kawai ke zuba. "Ni ce," ta ce. "Jiya na yi ta danne-danne ina neman lambar mai niƙa. Da hannuna na goge mahaifina."

Wannan maganar ta fi bulala zafi. Fiddausi za ta iya yin shiru, ba wanda zai sani. Amma ga Umma tana ɗaukar laifin da ba nata ba. Ta matso ta durƙusa.

"Umma, ba ke ba ce. Ni ce. Wuri nake nema na darasin Faransanci."

Umma ta ɗago. Ta daɗe tana kallon ta kamar yau ta fara ganin ta.

"Ke, Fiddausi? Bayan na ja miki kunne?"

"Ki yafe mini, Umma."

"Tashi ki ba ni wuri tukuna."

Ranar tuwo bai shiga bakin Fiddausi ba. Wayar kuwa aka jefa ta cikin akwati.

Washegari Fiddausi ta je gidan Malama Zuliha, da yake a layinsu take. Ta faɗa mata komai tana kuka. Malama ta riƙe haɓa.

"Kyauta na ce, ban ce ki share kayan mutane ba. Darasi ɗaya ake saukewa, a rubuta a littafi, a goge shi, a ɗauko na gaba. To, wa ya turo saƙonnin?"

"Inna Ummukulthum."

"Sau da yawa saƙo yakan zauna a wayar wanda ya turo. Ku tambaye ta."

Fiddausi ta koma gida da gudu. Umma ta kira Toranke. Inna ta ce ta sauya waya tuni, tsohuwar ta fashe, amma tana nan cikin kwalla.

Ran Lahadi suka hau mota sai Toranke. Inna ta ciro ɗan katin ajiya daga tsohuwar wayar, ta sa a sabuwa. Suka haɗa kai su uku suna dubawa. Biyar sun lalace. Huɗu suna nan.

Inna ta danna na farko, ta ƙara sauti. Sai ga muryar Kaka, da 'yar dariyarsa.

"Hure, kuna lafiya? Ina amaryata Fiddausi? Ki ce mata, bonjour, ma petite. Ça va?"

Fiddausi ta gane kalmomin. Kaka ya sha yi mata wannan yaren yana tsokanar ta, ita kuwa ta ɗauka shirme ne na wasan jika. Ashe gaishe ta yake yi. Ashe tambayar ta yake ko tana lafiya, ba ta taɓa amsa masa ba.

"Ça va bien, Kaka," ta ce. "Merci."

"Me kika ce masa?" in ji Umma.

"Na ce lafiya lau nake. Na gode."

Umma ta jawo ta jikinta, tana kuka tana dariya. "Na yafe miki. Ki ci gaba da karatunki, da yana nan da ya fi kowa murna."

Saƙonni biyar ɗin nan ba su dawo ba, Fiddausi kuma ba ta manta ba. Ta koyi cewa abin da aka ba ka aro amana ne. Kada ka goge, kada ka zubar da abin da ba naka ba sai ka tambayi mai shi. Idan kuma ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya da wuri.

Yanzu duk Juma'a su biyu suke sauraren Kaka. Idan ya gaishe ta, sai ta amsa.