Kujerar Mai Sauraro

Da aka ɗauke wuta, Yaya Hansatu ta janyo tabarma ta ce wa 'ya'yan kawunta su matso, su rage murya. Labarin nan ba a ɗaga masa harshe.

A garejin bakin tasha, in ji ta, akwai wani makaniki, Ɗayyabu. Wata shida kacal ya yi a Kaduna yana koyon jona wa mota na'ura, ya dawo yana hura hanci. Tsofaffin garejin kuwa 'yan shaci-faɗi yake kiransu.

Rannan Hajiya Turai, wata ma'aikaciyar jinya, ta kawo motarta. A tsaye lafiya lau. Amma da an taka totur sai ta kama karkarwa kamar mai zazzaɓi. Ɗayyabu ya bugi ƙirji a gaban kowa.

"Hajiya, in gari ya waye tana rawar nan, in kwashe sifanuna in bar garejin nan."

Ya jona na'urarsa. Na'ura ba ta ce komai ba. Ya canza fulogi, tana rawa. Ya kai tayoyi aka yi musu balansin, tana rawa. Ya cire robar da injin ke zaune a kai, da ranta da lafiyarta, ya sa sabuwa. Har la'asar sakaliya tana rawa.

Baba Barau, wanda ya fi kowa daɗewa a garejin, yana zaune a kan tsohuwar taya yana kallo.

"Ɗayyabu, in ka ɗaga ƙafa daga totur tana dainawa?"

"Baba, wannan aikin boko ne. Ci goronka."

"To. Amma in za ka fita gwaji, mu je tare. Biyu-biyu ake fita, ɗaya na tuƙi, ɗaya na sauraro. Kuma ba a bin hanyar tsohon ramin dutse da almuru."

Ɗayyabu ya yi tsaki. "Kunnen da ba ya jin kiran salla ne zai ji mini mota?"

Ya ja motar shi kaɗai. Hanyar ramin dutsen ya bi, don babu kowa a can, ba mai ganin abin kunyarsa.

Rana ta faɗi. Ba mota, ba mutum, ko tsuntsu babu. Ya taka totur, sitiyari ya kama rawa a hannunsa.

Sai kujerar gefe ta lotsa.

A hankali ta lotsa, kamar an zauna. Warin tsohon baƙin mai ya cika motar.

"Kai ne makanikin?"

Muryar kamar daga cikin rijiya. Ɗayyabu ya saci kallo. Wani ɗan tsoho ne da rigar aiki baƙa ƙirin, yana kallonsa sheƙeƙe.

"Ba... Baba, yaushe ka shigo?"

"Na ga kujera ba kowa. Taka."

Ya taka. Mota ta yi rawa.

"Saki."

Ya saki. Ta yi tsit, tana tafiya sumul.

"Taka. Saki. Me ka ji?"

"Ban... ban sani ba."

"Ai dama. Da taya ce, ko ka saki ba za ta daina ba, muddin tana gudu. Da fulogi ne, da ka ji ta tana tari tun a tsaye. Amma kai ka bi lafiyayyu kana ta yi musu tiyata. Tsaya."

Ya taka birki. Idonsa ya faɗa ƙasan kujera. Ba takalmi a wurin. Ba yatsu. Kofato ne guda biyu, irin na jaki, a jere a kan shimfiɗar motar.



"Fito, ɗan boko."

Tsohon bai nemi jak ba. Hannu ɗaya ya sa ya ɗaga gaban motar, kamar mai ɗaga faifai daga kan ƙwarya.

"Leƙa."

Ɗayyabu ya durƙusa. Ga shaf ɗin da ke kai ƙarfi daga giya zuwa taya. Robar gaɓarsa ta ciki ta yage, giris ya fantsame ko'ina. Ya girgiza ƙarfen, ya ji ƙwal-ƙwal.

"Tun safe yake kuka a nan," in ji tsohon. "Ka ƙi sunkuyawa, kar rigarka ta ɓaci. Miƙo hannu."

Ya lakato giris ɗin ya shafa masa a tafin hannun dama. Sanyi kamar ƙanƙara.

"Tunda kunnenka ado ne, hannunka zai riƙa ji."

Motar ta dira ƙasa. Ba kowa. Sai sawun kofato a kan yashi, ya nufi ramin dutse.

Yadda ya dawo gareji, shi ma bai sani ba. Da sassafe ya shiga ramin gyaran mota na garejin ya canza shaf. Da zai fita gwaji, sai ga shi tsugune gaban Baba Barau, kai a ƙasa.

"Baba, don Allah ka raka ni."

Tsohon ya dubi hannun, ya tofar da goro. "Ashe an riga ni zama."

Hajiya Turai ta ɗauki motarta tana tafiya kamar ruwa. Ɗayyabu bai bar garejin ba, amma baƙin nan bai fita daga tafin hannunsa ba. Sabulu, fetur, toka, duk a banza. Har yau, da ya kama sifana zai kwance abin da lafiyarsa ƙalau, hannun sai ya kama karkarwa har sifanar ta faɗi. Masu mota sun gane. Ba sa sauraron bakinsa, hannun suke kallo.

Yaya Hansatu ta juya ga Lurwanu, ɗan kawunta da ya fara koyon tuƙi.

"Kai da nake jin kana cewa ba ka son ɗan rakiya. Kar ka kuskura ka bi hanyar nan kai kaɗai. In ka bar kujerar gefe ba kowa, akwai mai zama."