Injin Sanusi

Barakatu na tankaɗen garin masara a tsakar gida lokacin da Kawu Ubale ya jingine mashin ɗinsa, ya shigo fuska a murtuke. Shi aka tura Ƙanƙara binciken halin Sanusi, malamin makarantar da ke neman aurenta. Kawu kuwa mutum ne da in ya leƙa ta taga sau ɗaya, to ya gama sanin gida.

"Yaya, a maida masu kayansu," ya ce wa mahaifinta, Malam Mamuda. "Yaron ga ɗan caca ne. Da idona na ga injin. Yana juya mariƙi, 'yan ƙwallayen gilashi na gangarowa, mutane sun zagaye shi suna ihu."

Rariya ta suɓuce daga hannun Barakatu. Ta san injin sarai. Wata biyar Sanusi na zana shi a kwamfuta, yana fitar da sassansa ɗaya bayan ɗaya da firintar da ke narka roba ta gina abu. Ba don sayarwa ba, sha'awa ce kawai. Amma wace ɗiya ce za ta buɗe baki gaban mahaifinta ta kare saurayi? Ta shige ɗaki ta fashe da kuka.

"Inna, wallahi ba caca ba ce, abin wasa ne yake ƙerawa don nishaɗi," ta ce wa mahaifiyarta.

"Ki yi haƙuri, ɗiyata. Babanki bai yanke magana da zafi."

Kwana tara ba ta ɗaga wayar Sanusi ba, don an hana ta. Ta rame, tana son shi kamar ranta, amma ba ta saɓa ba. Malam Mamuda na lura. Ran na goma ya hau mota daga garinsu 'Yankara zuwa Ƙanƙara bai gaya wa kowa ba.

Sanusi bai taɓa ganin fuskarsa ba, kunyar surukuta ta sa kullum daga ƙofar gida yake juyawa. Don haka da dattijo ya yi sallama a shagonsa, tabarma kawai ya shimfiɗa masa ya kawo ruwa.

"Ina ake aje kuɗin?" Malam ya tambaya, yana nuna injin.

Sanusi ya yi dariya. "Baba, ba a aje komi. Juya ka gani."

Malam ya kama mariƙin. Wani faifai mai haƙora ya ɗauki ƙwallo ya haura da shi sama, ya sake shi. Ƙwallon ya bi lanƙwasasshiyar hanya ya dawo ƙasa, wani ya biyo shi. Dattijo ya ƙara juyawa, ya kuma ƙarawa.

"To mi ye amfaninshi?"

"Farin ciki, Baba. Faifan ga sau goma sha shida ina buga shi yana cijewa. Yarinyar da nike nema ce ta dubi zanen a waya, ta ce in rage haƙori biyu. Ta fi ni kai nesa ba kusa ba." Muryarsa ta yi ƙasa. "Kwana tara ba ta ɗaukar wayata. Na san ba yin kanta ba ne. Iyayenta sun fi ni sanin abin da ya dace da ita, ina dai roƙon Allah."

Malam Mamuda ya saki mariƙin. Shekara ashirin yana tare da ɗiyarsa, sai ga baƙo yana gaya masa abin da bai sani ba game da ita.

Da la'asar ya iso gida, ya kira ta gaban Kawu Ubale.

"Barakatu, ashe injiniya gare ni cikin gida ban sani ba?"

Ta rufe fuska da mayafi, hawaye na zuba, tana dariya.

"Ubale, ka koma Ƙanƙara gobe, ka ce su turo a sa rana. In ka je, ka shiga ciki ka zauna."

Bayan sallah aka ɗaura aure. Wanda duk aka ba amanar bincike, ya sani rayuwar mutum biyu ce a bakinsa, kada ya faɗi abin da bai tabbatar ba. Ita kuwa Barakatu, haƙurin kwana tara ya ba ta mijin da take so, da albarkar mahaifinta a kai.