Fistin Ɗin da Aka Goge

Kai Babba, kai Ƙarami, ku zo nan ku zauna. Ku ajiye wayoyin nan. Furfura ta fara fito muku, amma ni na haife ku, yau kuma sai kun saurare ni.

Motar da mahaifinku ya bari ta tsufa. Tana hayaƙi, tana shan baƙin mai. Kai Babba, da yake kai ne bakanike, ka sauke injin a garejinka. Ka sayo sababbin fistin guda huɗu, ƙarafan nan masu kama da gwangwanin madara da ke hawa da sauka a cikin inji.

Daga nan gardama ta tashi.

Ƙarami ya ce, "Yaya, a auna su mana. A goge wanda ya fi nauyi har su zo daidai. Haka masu motar tsere suke yi."

Kai Babba ka ce, "Tseren me? Motar da za ta kai Inna asibiti? Tun daga kamfani an haɗa su kusan nauyi ɗaya. Ɓata lokaci ne."

"Kai dai ba ka son sabon abu."

"Kai kuma a waya ka koyi kanikanci."

Ba ku lura 'yarka tana gefe ba, Babba. Yarinyar da kuke kira 'Yar Sufana, don ba ta rabuwa da gareji in an tashi makaranta. Ta ji rabin magana, ta riƙe.

Da kuka fita cin abinci, ta ɗauko sikelin da nake auna sukari a kantina. Ta ɗora fistin ɗaya bayan ɗaya. Ta ga ɗaya ya ɗan fi sauran. Sai ta ɗauki magagari, ta hau goge kansa. A zuciyarta taimako take yi. Da ta ga kan ya karkace, duk ya yi zane, sai ta ajiye magagarin. Ta mayar da shi cikin kwali, ta gudu.

Washegari ka gani, Babba. Ba ka tambayi kowa ba. Ka ce da ƙanenka, "Don ka nuna ka fi ni sani ka lalata mini kaya? Kada in sake ganin ƙafarka a nan."

Ƙarami ya rantse ba shi ba ne. Ka juya masa baya.

Gidan nan ya yi tsit. Kuka daina cin abinci tare. In kun haɗu a ƙofa, kowa ya kau da kai. Mota tana can a buɗe, kaji suna kwana a cikinta. Ni kuwa da ciwon gwiwata na dinga takawa zuwa asibiti.

Yarinya ta daina wasa. Ta daina cin abincin kirki. A aji malamarsu ta yi mata tambaya, ba ta ma ji ba.

Malama ta tsayar da ita bayan an tashi. "Me ke damunki?"

"Malama, in mutum ya yi laifi aka kama wani, yaya zai yi?"

"Wanda aka kama ɗin, yana shan wahala?"

"Yana sha. Baffana ne."

"To kullum kika yi shiru, kin ƙara masa. Ki je ki faɗa yau."

Wurina ta fara zuwa, tana kuka. Ta ce, "Kaka, ki faɗa wa Baba."

Na ce, "Ni na riƙe magagarin? Share hawayenki. Zan raka ki, amma bakinki ne zai yi magana."

Ka tuna, Babba. Ta tsaya a gabanka, ta ce, "Baba, ni ce. Na ji Baffa ya ce a goge."

Sai ka zaunar da ita, ka juya fistin ɗin, ka nuna mata cikinsa. Ka ce, "Ko masu gogewa, ta nan ƙasa suke ragewa, kaɗan kaɗan. Ba a taɓa kan. Nan ne wuta take bugawa."

Ta ce, "Ka kore ni daga gareji?"

Ka ce, "A'a. Amma daga yau, tambaya kafin taɓawa."

Ka nemo wani fistin irinsa. Ita ta dinga miƙa maka sufana har ka haɗa injin. Jiya mota ta tashi lafiya lau, ba hayaƙi, ba karkarwa. Yarinya ta yi ta tsalle, ta cinye abincinta tas.

Ta koyi nata darasin. Kada ka sa hannu a aikin da rabinsa kawai ka ji. In kuma ka yi ɓarna, ka faɗa da wuri, kafin a ɗora wa wani.

Saura ku. Kai Ƙarami, motar gida ba motar tsere ba ce, a nan yayanka ya fi ka gaskiya. Kai Babba, ka zargi ɗan'uwanka a kan abin da bai yi ba, har yau ba ka ce masa ya yi haƙuri ba. Yarinya ƙarama ta iya buɗe baki. Ku manya me ya hana ku?

Ga ku, ga juna. Ku sasanta maganar nan a gabana, ina kallo.