Maganin da Koci Bai Sani Ba

"Babu asibitin da za a kai ta, Mama! Ina raye?"

Koci ne yake wannan ɗaga murya a tsakiyar falon mahaifiyarsa, usur rataye a wuyansa, don daga makaranta nan ya wuto. Malamin wasanni ne, irin mutanen da ko gaisuwa suka yi maka sai ka ɗauka umarni ne.

Mama tana zaune a bakin kujera, idanunta sun kaɗa sun yi ja.

"To yaya kake so in yi? Yarinya ta kulle kanta a ɗaki, ba ci ba wanka, jami'ar ma ta daina zuwa. Addu'a babu wadda ban yi ba. An ce mini akwai likitan masu ciwon damuwa..."

"Wanda zai ɗora ta a kan ƙwaya har ƙarshen rayuwarta? Haba Mama! Zaman ɗaki ne ya yi wa Auta yawa. Gobe da sassafe zan zo in fitar da ita, ta taka ƙasa, ta yi gumi, ta ga mutane. Ga shaida nan a gabanki!" Ya nuna matarsa yana murmushi. "Ba da magani na same ta ba? Wa ya raba ta da shi? Ki dube ta yanzu, tubarkalla!"

Amarya ta sunkuyar da kai. Shekara uku da aure amma sunan ya ƙi barinta, har Koci da shi yake kiranta a gaban mutane. Duk inda ya ɗauko wannan labari, gidan abokai ko gaban 'yan'uwa, takan yi ɗan murmushi ta bar shi ya sha yabonsa. Yau murmushin ya ƙi zuwa.

Gaskiya ne da magani ya same ta. Tun rasuwar mahaifinta damuwa ta kwantar da ita, likita ya ɗora ta a kan magani, ta samu kanta. Da suka yi aure Koci ya ga kwalin, ya daɗe yana juya shi a hannu, sannan ya dube ta kamar zai yi kuka.

"Zumata, ina tare da ke kuma kina shan wannan? Ni ban ishe ki ba?"

Wace mace ce za ta ji haka daga bakin wanda take so ta iya musu? Ta watsar da maganin. Ya sayo mata takalmin gudu, kullum da safe su zaga unguwa yana ba ta labarin ɗalibansa. Ba a jima ba duhun ya dawo, ya ma fi na da. Sai ta zauna a shagon ɗinkinta, ƙafa a kan keke, ta kasa takawa, hawaye na ɗiga a kan yadin mutane.

Ranar da ta tsinci kanta tana tunanin abin da ba ya faɗuwa, ta rufe shago ta koma wajen likita ita kaɗai. Tun daga nan maganin yake cikin gwangwanin maɓallai a aljihun kekenta, kullum ta buɗe shago ta sha. Sannu a hankali ta murmure. Koci ya ga matarsa tana dariya, ya ce tafiyar safe ce. Farin cikin da ya yi ne ya ɗaure mata baki, kullum ta ce gobe zan faɗa masa.

"Bari in leƙa ta," in ji Amarya, don ta kasa zama.

Ɗakin Auta duhu, labule a sake, farantin abinci a ƙasa ko taɓa shi ba a yi ba. Yarinyar da da surutunta kaɗai ke cika gida tana kwance ta juya wa ƙofa baya.

"Autar Mama, tashi mana. Na zo in sake gwada ki ne, kar in yanka yadin rigar kammala karatunki ta zo ta yi miki yawa."

"Anti, ki bar shi kawai."

"In bar me? Yadin da kika hana ni sakat a kansa?"

"Ki ɗinka wa kanki. Ni ba zan sa ba."

Amarya ta zauna a bakin gadon ta riƙo hannun yarinyar, duk ya zama ƙashi.

"Me ya sa ba za ki sa ba?"

Auta ta ce, muryarta a dushe, "Na gaji, Anti. Da zan kwanta in ƙi tashi da kowa ya huta."

Innalillahi! Waɗannan kalmomi Amarya ta san su, ta taɓa jin su a cikin kanta.

"Kada ki ƙara faɗin haka, ƙanwata..."

"Yaya ya ce ke da tafiya kawai kika warke. Wallahi na gwada. Na ɗauko takalmin, na zauna ina kallonsa, ko igiyar na kasa ɗaurewa. Ke kin iya, ni na kasa. Ke nan ni ce dai ba ni da amfani."

Hawaye ya ɓalle wa Amarya. Ashe shirun da ta ɗauka ba ya cutar da kowa, ga inda ya zo ya sauka! Idan ta yi magana, ta san halin mijinta, ya tsani ƙarya, kuma za ta kunyata shi a kan abin da ya fi alfahari da shi. Idan ta yi shiru, wa ya san abin da yarinyar nan za ta yi wa kanta kafin goben da yake faɗa?

Ta sumbaci goshin Auta, ta fito ta bar ƙofar a buɗe.

"Mama, don Allah ki zauna kusa da ita, kada a bar ta ita kaɗai. Masoyi, zo ka ji."

Koci ya biyo ta kicin yana tsokana. "Yau kuma sirri za a yi da ni? Allah Ya sa ba wani sabon keke za a ce in saya ba."

Ta rufe ƙofa ta jingina da ita.

"Ina shan magani."

"Maganin me? Kanki ne ke ciwo?"

"Na damuwa. Ban daɗe da dainawa ba na koma. Har yau da safe na sha."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Wasa kike yi."

"Wallahi ba wasa ba ne. Yana shago."

"Shago?" Ya ja da baya har ya bugi tukunya. "Duk tsawon lokacin nan? Ina yawo gari ina cika baki, ke kuma kina gefe kina kallona kamar wawa?"

"Ba haka ba ne, nurin idona..."

"Kada ki kira ni da wannan sunan! Duk asubancin da muke yi ashe wahalar banza nake ba kaina?"

"Ba banza ba ne! Tafiyar tana yi mini amfani, likitan ma cewa ya yi kada in daina. Amma ba don maganin ba da ko tashi ba zan iya ba, balle in bi ka. Na gwada yadda kake so, saura kaɗan ka rasa ni, kai kuma ba ka sani ba."

Ya bi ta da kallo, ita kuwa ta ci gaba.

"Ka yi fushi da ni, na cancanta. Ko me ka yanke a kaina zan ɗauka. Amma Auta ta fara maganar mutuwa, Koci. Ba ta gobe ba ce, yau za a kai ta!"

Ya janye ta daga jikin ƙofa, ya fice. Ta ji ƙarar ƙofar gida ta bugu. Shi ke nan, ta ce a ranta, na kashe aurena da bakina.

Babu lokacin kuka. Ta koma ɗaki ta faɗa wa Auta gaskiya a gaban Mama, tas, ba ta rage komai ba. Auta ta juyo a hankali ta zuba mata ido.

"Ke ma, Anti?"

"Ni ma. Tashi in sa miki riga."

Da ƙyar suka lallaɓa ta suka fito, Amarya na lissafin inda za su samu tasi. Sai ga motar Koci a bakin ƙofa, injin a kunne, shi kuma yana ciki ya kafe titi da ido. Suka shiga. Har suka isa asibiti maganarsa ɗaya ce.

"Dama ko hagu?"

"Hagu," in ji Amarya.

Suna shiga sashen masu ciwon damuwa, nas ɗin da ke kan tebur ta ɗago ta washe baki. "A'a, Amarya! Ai ba yau ce ranarki ba. Lafiya dai?"

Amarya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta yarda ta kalli mijinta ba.

Aka shiga da Auta tare da Mama. Su biyu suka rage a kan dogon bencin jira, shi a can ƙarshe, ita a nan. Fanka na juyawa a sama. Wani dattijo na gyangyaɗi, wata mata tana ta murza gefen mayafinta. Amarya tana ta jiran kalmar da take tsoro.

Bayan wani lokaci Mama ta leƙo. Likita ya ce sun yi dabara da ba su kwana ba, zai fara ba ta magani, za ta riƙa zuwa ana zama da ita ana hira, in ta ɗan samu ƙarfi kuma a riƙa fita da ita. Koci ya gyaɗa kai kawai, Mama ta koma ciki.

Ya daɗe yana kallon bangon, da layin mutanen, da ƙofar likitan. Da ya yi magana muryarsa ta sauka ƙasa sosai.

"Nan kike zuwa?"

"Eh. Duk wata."

"Wa yake rako ki?"

"Babu kowa."

"Ke kaɗai? A kan bencin nan?"

"Eh..."

Sai ta ga kafaɗunsa sun fara girgiza. Koci, wanda ko ranar da ya karye a fili bai yi hawaye ba, ya rufe fuska da hannu biyu yana kuka a gaban mutane. Ya matso, ya matso, har gwiwarsa ta taɓa tata.

"Tsorona kika ji, Zumata. Kina ciwo, kuma ni kike ɓoye wa..."

"Ka yafe mini."

"Ni zan yafe miki?" Ya kama hannunta ya riƙe gam, kamar wani zai ƙwace masa ita. "Yaushe ne ranarki ta gaba?"