Igiyar Da Adwoa Ta Sace

Ranar wata Asabar a bazarar 2016, bakin tekun Rockaway ya cika maƙil da masu hawan igiyar ruwa a kan allo. Adwoa, wadda ke aikin kula da tsofaffi a unguwar Parkchester da ke Bronx, satinta uku ke nan da fara koyo. Ta ga igiya ta taso kyakkyawa, ta afka mata ba ta ko waiwaya ba. Ashe akwai mai ita a kai, wani saurayi. Alluna suka yi karo, su biyun suka ci ruwa, 'yan unguwar suka hau yi mata ihu.

Saurayin ya ɗago yana tari, ya ji tana salati da Hausa, sai ya tsaya kallonta.

"Chale, 'yar Zango ce a nan?" Ya yi dariya; chale shi ne aboki a bakin mutanen ƙasarsu. "Sunana Muniru. Igiyata kika sata."

"Ruwan Allah ma yana da mai shi?"

"Yana da layi. Wanda ya fi kusa da inda igiyar ke karyewa, tasa ce. In kin shiga gaban mutum, ki ɗaga hannu ki ce sorry. Zo mu ba su haƙuri."

Direban bas ne, haifaffen Takoradi, a bakin tekun Busua, can ƙasarsu, ya koyi abin tun yana ƙarami. Daga ranar ya laƙa mata suna Ɓarauniyata, ita kuma ta ce masa Kifina. Kafin sanyi ya shigo, soyayya ta kama su ba wasa.

Mahaifinta, Alhaji Tahiratu, bai ji daɗin labarin ba.

"Ƙato da gemu yana wasa da ruwa? So kike in aurar da ke, teku ta mayar min da ke da takaba? Ga Alkasim mai shago a Tompkinsville, ya zo ya gaishe ni sau biyu."

Maganar ta isa kunnen Muniru, sai ya ɗauke ƙafa. Sati uku ba kira. Adwoa ta rame, abinci ma tsakura kawai take yi. Daga ƙarshe ta rubuta masa:

"Kifina, me na yi maka? Ko laifi ne, ai a faɗa min."

Amsa ta zo: "Ba ki yi komai ba. An ce Alkasim ya riga ni zuwa wajen Baba. Ban taɓa shiga gaban mutum ba, ba zan fara a kanki ba. Amma Allah ya sani ina cikin wahala."

Ta karanta, haushi da tausayi suka haɗu mata. Wannan bawan Allah ya kwaso dokar teku ya shigo da ita cikin gida.

"Ni ba igiya ba ce, Muniru, ina da baki. Ka tambaye ni? Tuni na faɗa wa Alkasim zuciyata na wani wuri, kuma ya gane. Kai nake so."

Saura Alhaji. Da ta nuna masa saƙon Muniru, ya karanta sau biyu. Ranar Asabar ya saka jallabiyarsa, ya hau jirgin ƙasa har Rockaway shi da ita, suka tsaya daga nesa. Ta nuna masa Muniru a cikin taron.

Kusan awa guda Alhaji yana kallo. Ya ga Muniru zaune a kan allonsa yana jira. Ya ga igiya babba ta zo daidai shi, ya bar wa wani farin dattijo da ya daɗe bai samu ba. Wani ya yanke wa Muniru gaba, ya ɗaga hannu yana ba da haƙuri, Muniru ya yi masa murmushi kawai.

"Wa yake tsara musu layin nan?" Alhaji ya tambaya.

"Babu kowa, Baba."

"Babu ɗan sanda, babu alƙali, amma yana jiran rabonsa." Ya gyara hularsa. "Ki ce ya turo manyansa."

An ɗaura aure a wani masallaci a Bronx. Bayan walima, ango ya buɗe taswira a waya domin su zaɓi inda za su je hutun amarci.

"California ko Moroko, amaryata? California cunkoso, ke kuma har yanzu hannunki da sauri."

Ta mintsine shi, ta ja taswirar zuwa ƙasa, ta ɗora yatsa a kan Busua.

"Can igiyoyin ƙanana ne fa," ya ce.

"Daidai ni. Kuma shekara tara Mma, mahaifiyarka, ba ta gan ka ba. Ba ta samu zuwa bikin ba, to mu kai mata kanmu."

Idon Muniru ya cika da ƙwalla. Alhaji da ke kusa ya dafa kawunansu su biyu.

"Ku fara durƙusa wa uwarku kafin ƙafarku ta taɓa ruwa. Kai Muniru, ka ce mata na gode da tarbiyya. Allah ya yi muku albarka, ya kai ku lafiya, ya dawo min da ku lafiya."